Tambayoyi da Amsoshi Kan Karatun Nazarin Laifuka a Sashen Ilimin Zamantakewa

Duk shekara idan lokacin cike fom na JAMB ya zo, da kuma lokacin da ɗaliban aji uku suke zaɓen ɓangaren da za su fi mayar da hankali a kai, tambayoyi iri ɗaya ne suke dawowa daga ɗalibai da iyayensu a nan Sakkwato. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa, na fara da masu sauƙi kafin masu zurfi.

Mene ne nazarin laifuka, kuma me ya haɗa shi da ilimin zamantakewa?

Nazarin laifuka, wanda ɗalibai suke kira kiriminoloji, ilimi ne da yake bin diddigin abubuwa uku: yadda al'umma take kafa dokokinta, yadda ake karya su, da kuma matakin da al'umma take ɗauka idan an karya su. Haka masanin nan na Amurka, Edwin Sutherland, ya fayyace iyakar fannin, kuma har yau a kan wannan bayanin ake ɗora ɗalibi a darasinsa na farko. Sunan fannin ya bazu ne bayan wani masanin shari'a ɗan Italiya, Raffaele Garofalo, ya sanya wa littafinsa shi a 1885.

Dalilin da ya sa yake zaune a ƙarƙashin ilimin zamantakewa, wato soshiyoloji, shi ne babu laifin da yake faruwa a sarari shi kaɗai. Wanda ya ƙwace waya a bakin kasuwa yana da gidan da ya taso, da abokan da yake zama da su, da dillalin da zai sayi wayar, da unguwar da ta san sana'arsa ta yi shiru. Masanin zamantakewa yana kallon waɗannan duka tare, domin ya gano abin da ya sa irin wannan laifi ya yawaita a wata unguwa ya yi ƙaranci a wata, ko ya ƙaru a wani zamani alhali mutanen garin ba su canza ba.

Shin karatu ne na koyon kama ɓarawo da binciken sawun yatsu?

A'a. Binciken jini da sawun yatsu da harsashi aiki ne na masana kimiyyar ɗakin gwaji, su kuwa dabarun kama mai laifi da yi masa tambayoyi a makarantun horar da 'yan sanda ake koyar da su. Ɗalibin nazarin laifuka karatu yake yi, da tattaunawa da mutane, da tattara alƙaluma, da rubutu mai yawa. Wanda ya shigo da tunanin za a ba shi horon soja yakan yi sanyin gwiwa tun a zangon farko, shi ya sa gara ya san gaskiyar lamarin tun kafin ya cike fom.

To, mene ne bambancinsa da karatun lauya?

Lauya yana tambaya ne ko abin da aka aikata ya cika sharuɗɗan laifi a dokance, ko akwai hujjar da kotu za ta karɓa, da kuma hukuncin da doka ta tanada. Mai nazarin laifuka yana tambayar me ya sa aka aikata, su wa suka fi faɗawa ciki, su wa suka fi cutuwa, kuma ko hukuncin da aka yanke ya rage aikata laifin ko bai rage ba. Digirin soshiyoloji ba ya bai wa mutum damar tsayawa a kotu ya kare wani. Wannan sai wanda ya yi shekara biyar na digirin lauya, ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, aka rantsar da shi. Duk da haka dole ɗalibinmu ya san tsarin dokar ƙasarsa, kamar yadda za a gani a amsar da ta yi bayanin dokokin da suke aiki a Sakkwato.

A ina zan karanta shi, kuma me za a rubuta a takardar shaidata?

Hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce mutum ya shiga sashen ilimin zamantakewa, kamar wanda yake Tsangayar Kimiyyar Zamantakewa ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, jami'ar da aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato aka sauya mata suna a 1988. A nan ɗalibi zai yi darussan da kowane ɗan sashen yake yi, sannan ya karkata ga darussan laifuka ta hanyar darussan zaɓi da kuma kundin kammala digirinsa. Takardar shaidarsa za ta ce ya yi digiri ne a soshiyoloji, amma takardar sakamakon darussa da taken kundinsa su ne za su nuna inda ya ƙware. Hanya ta biyu ita ce cikakken digiri a nazarin laifuka da harkokin tsaro, irin wanda Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya da Jami'ar Tarayya ta Dutse suke bayarwa.

A ganina, ga matashin da bai tantance abin da yake son zama ba, hanyar farko ta fi aminci, domin tana barin ƙofofi da yawa a buɗe: aikin jin daɗin jama'a, ƙungiyoyin agaji, koyarwa, da binciken al'umma. Wanda kuwa yake cikin aikin ɗamara tuni, kuma yana neman takardar da za ta taimaka masa wajen ƙarin girma, ta biyun za ta fi dacewa da shi.

Waɗanne sharuɗɗa ake nema kafin a ɗauki mutum?

Kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi, sauran kuma daga darussan zamantakewa da na fasahar adabi, irin su Gwamnati, Tarihi, Tattalin Arziki da Labarin Ƙasa. Wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB shekara huɗu zai yi, mai NCE ko difloma ko IJMB da aka ɗauka kai tsaye a aji biyu kuma shekara uku. Haɗin darussan da za a rubuta da makin da ake yankewa suna bambanta daga jami'a zuwa jami'a, saboda haka a duba littafin bayanin JAMB na shekarar da ake ciki kafin a biya kuɗin fom.

Me ake karantawa a cikin shekarun?

Shekarar farko da ta biyu na tubali ne: gabatarwa ga ilimin zamantakewa, tarihin tunanin masana, tsarin iyali, al'ummomin Nijeriya da al'adunsu, ilimin halayyar ɗan Adam, da ƙididdiga. Daga nan ake shiga darussan da suka shafi laifi kai tsaye, kamar kauce wa ƙa'idar al'umma, kangarewar yara, nazarin hukunci da gidajen gyaran hali, aikin 'yan sanda, dangantakar doka da al'umma, da nazarin halin da waɗanda aka zalunta suke shiga. Darasin dabarun bincike shi ne ƙashin bayan karatun gaba ɗaya, kuma abin takaici shi ne ɗalibai suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, har sai sun zo aji huɗu kundi ya gagare su.

Ba ni da ƙarfi a lissafi. Zan iya?

Za ka iya. Lissafin da ake buƙata bai wuce kaso cikin ɗari, matsakaicin adadi, da gwada dangantakar abu biyu ba, kuma yanzu kwamfuta ce take yin mafi yawan aikin. Abin da ya fi lissafin wuya shi ne sanin abin da alƙaluman suke ɓoyewa. Rajistar ofishin 'yan sanda tana ɗauke ne da laifukan da aka kai ƙara kawai, alhali kowa ya san cewa a ƙauyukanmu da unguwanninmu rigingimu da yawa a gaban mai unguwa ko hakimi ko liman suke ƙarewa, wasu kuma, musamman fyaɗe da cin zarafin cikin gida, ana binne su saboda kunya da tsoron surutu. Idan adadin ƙararraki ya ragu a wata ƙaramar hukuma, yana iya zama laifi ne ya ragu, yana kuma iya zama mutane ne suka fidda rai da kai ƙara.

Shi ya sa masana suke fita su tambayi jama'a kai tsaye. Misali, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi da laifuka a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a cikin shekara guda a Nijeriya. Babu yadda za a yi a san wannan adadin daga yawan mutanen da aka kama.

Mafi yawan masanan da ake koya mana Turawa ne. Me ra'ayoyinsu za su amfana wa ɗan Sakkwato?

Tambaya ce mai kyau, kuma ina son ɗalibi ya riƙe ta har ya gama. Wasu ra'ayoyin ana karanta su ne don a san kuskuren da aka taɓa yi. Cesare Lombroso, likita ɗan Italiya, ya yi da'awa a 1876 cewa ana haihuwar wasu mutane da ɗabi'ar laifi har ana iya gane su ta siffar kai da fuska. Bincike ya rushe wannan da'awa tuntuni, amma duk wanda ya taɓa jin an ɗora wa wata ƙabila sukutum laifin 'yan tsiraru daga cikinta ya san cewa irin wannan tunani bai mutu ba.

Wasu kuwa suna da amfani ƙwarai. Cesare Beccaria ya rubuta a 1764 cewa tabbacin hukunci da saurinsa sun fi tsananinsa hana laifi, kuma wanda ya ga yadda shari'a take shekaru ba a gama ba zai fahimci abin da yake nufi. Robert Merton ya nuna a 1938 cewa idan al'umma ta ɗaukaka dukiya a matsayin ma'aunin mutunci, sannan ta toshe wa mutane da yawa halastattun hanyoyin samunta, wasu za su bi ɓarauniyar hanya. Sutherland ya ce koyon laifi ake yi daga abokan hulɗa kamar yadda ake koyon kowace sana'a, abin da Bahaushe ya riga ya faɗa da ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Sutherland ɗin ne kuma a 1939 ya jawo hankali ga laifukan manya masu ofis, waɗanda ɓarnarsu ta fi ta ƙananan ɓarayi nesa ba kusa ba. Howard Becker a 1963 ya yi bayanin yadda laƙaba wa yaro sunan ɓarawo yake rufe masa hanyar komowa. Lawrence Cohen da Marcus Felson kuma a 1979 suka ce laifi yana aukuwa ne idan mai niyya da abin da yake hari suka haɗu a inda babu mai tsaro, wato sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Sai dai babu ɗaya daga cikin waɗannan masana da ya zauna a ƙauyen da 'yan bindiga suka ɗora wa haraji kafin a bar manoma su girbe amfanin gona. An gina ra'ayoyinsu ne a kan birane irin su Shikago. Abin da yake faruwa a Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo, ko abin da mayaƙan ƙungiyar Lakurawa suka kawo a Tangaza da Gudu, yana buƙatar bayanin da ya haɗa rikicin gona da kiwo, toshewar burtali, satar shanu, shigowar makamai ta kan iyaka, ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da makiyaya, da rashin samun adalci a kan lokaci. Wannan bayanin 'ya'yan yankin ne suka fi cancanta su rubuta shi, domin su suke jin harshen kuma su suka san dangantakar mutanen.

Mahaifina yana ganin karatun yana nema wa masu laifi uzuri ne, kuma ya saɓa wa addini. Me zan ce masa?

Ka gaya wa Baba cikin ladabi cewa gano dalilin abu daban, halasta shi daban. Likitan da yake binciken abin da yake kawo kwalara ba goyon bayan cutar yake yi ba. Maganar da ta fi tayar wa iyaye hankali ita ce ta Emile Durkheim na Faransa, wanda ya ce a 1895 laifi abu ne da aka saba da shi a kowace al'umma. Abin da yake nufi shi ne ba a taɓa samun al'ummar da babu mai karya ƙa'ida a cikinta ba, mu ma a addininmu da babu masu karyawa da ba a saukar da hukunce-hukuncen haddi da ƙisasi ba, ba a kuma bar wa alƙali ƙofar ta'aziri ba.

Duba halin da mutane suke ciki kafin a hukunta su tsohon abu ne a wurinmu. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya dakatar da yanke hannun ɓarawo a shekarar yunwa. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi nazarin yadda haɗin kan jama'a yake ɗaga daula da yadda zalunci yake rusa ta, ƙarnuka kafin Turawa su raɗa wa soshiyoloji suna. A nan gida, Shehu Usmanu a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa zaluncin sarakunan zamaninsa, har da cin hanci a wurin shari'a da ƙwace dukiyar mutane da sunan tara, ƙanensa Abdullahi na Gwandu kuma ya rubuta wa mutanen Kano Diya'ul Hukkami a kan yadda ake tafiyar da mulki da shari'a. Ɗalibin da ya taso a garin da Hubbaren Shehu yake bai kamata ya ɗauki wannan fanni a matsayin baƙo ba.

Waɗanne dokoki ne suke aiki a Sakkwato da ya kamata in sani?

Arewa ta gaji kundin dokokin hukunta laifuka na Final Kod da ya fara aiki a 1960, Kudu kuma tana da nata kundin daban. A shekarar 2000 Sakkwato ta bi sahun Zamfara wajen faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci zuwa hukunta laifuka, don haka kotunan shari'a da na majistare da babbar kotu suna aiki kafaɗa da kafaɗa a jihar. A matakin tarayya, a san dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, da dokar laifukan intanet ta wannan shekarar, da dokar 'yan sanda ta 2020, da kuma dokar 2019 wadda ta mayar da hukumar gidajen yari Hukumar Gyaran Hali, ta kuma ƙarfafa hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki. Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci saboda kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da suke tsare a gidajen gyaran halin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba.

Mai sha'awar tarihi ya ƙara da tsarin da Turawa suka tarar a 1903, na alƙalai da dogarai da yari, da yadda 'yan dokar En'e suka ci gaba da aiki har zuwa lokacin da aka haɗe su da 'yan sandan tarayya bayan juyin mulkin 1966. Ana samun takardun wannan zamani a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato da kuma ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna.

Ina so in rubuta kundina a kan 'yan bindiga. Zan iya zuwa daji in yi hira da su?

Kada ka je. Babu makin da ya kai ranka, kuma babu malamin kirki da zai amince wa ɗalibin digirin farko ya yi haka. Bayan hatsarin a sace ka, akwai hatsarin jami'an tsaro ko mutanen gari su ɗauke ka a matsayin mai kai wa ɓarayin bayanai, kuma wannan zargi ne da yake iya halaka mutum kafin ya samu damar kare kansa.

Ana iya nazarin matsalar ba tare da an shiga daji ba. Akwai iyalan da suka yi gudun hijira zuwa cikin gari, da direbobin da suke bin hanyoyin gabashin jihar, da dillalan shanu, da malaman makarantun da aka rufe, da mutanen da suka sayar da gona don biyan kuɗin fansa. Amma hira da irin waɗannan mutane amana ce. A nemi izininsu bayan an bayyana musu manufar binciken da Hausar da za su gane, kada a rubuta sunansu ko sunan ƙauyen da zai sa a gane su, kada a ɗauki murya ko hoto sai sun yarda, kuma idan matar da aka kashe wa miji ta fara kuka, a ajiye takardar tambayoyi a saurara mata. A tafi da wasiƙar gabatarwa daga sashe, a fara gaida mai unguwa ko hakimi. Shawarata kuma ita ce a ƙuntata taken: nazarin yadda iyalai talatin suka tara kuɗin fansa ya fi kundin da ya ce zai warware matsalar tsaron Arewa maso Yamma baki ɗaya. Sauran batutuwa masu kyau su ne fasa-ƙwauri tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, bangar siyasa, ƙwacen waya, da halin da wanda aka sako daga gidan yari yake shiga wajen neman aiki da aure.

Wane aiki zan samu bayan hidimar ƙasa?

Wuraren da aka fi sani su ne 'yan sanda, Hukumar Gyaran Hali, Sibil Difens, Kwastan, Shige da Fice, NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da aka kafa a 1989, ICPC mai yaƙi da cin hanci ta 2000, EFCC, da NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane wadda aka kafa a 2003. Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce waɗannan hukumomi suna ɗaukar masu digiri daga fannoni da yawa, saboda haka takardar ba ta ba ka tabbacin kaki. Wanda burinsa shi ne zama hafsan ɗan sanda tun daga sakandare, Kwalejin 'Yan Sanda ta Wudil a Jihar Kano ita ce hanya mafi kusa.

Akwai kuma ayyukan da ba na ɗamara ba waɗanda ɗalibai ba su cika tunawa da su ba: jami'in jin daɗin jama'a a ma'aikatar mata da yara, ma'aikacin gidan kula da kangararrun yara, mai tallafa wa masu fama da shaye-shaye tare da likitoci irin na asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, jami'in tattara bayanai a ƙungiyoyin agaji, da sashen hana zamba na bankuna. A irin waɗannan wurare abin da ake gwadawa shi ne iya tsara tambayoyi, sarrafa alƙaluma a kwamfuta da rubuta rahoto mai tsabta, wato abubuwan da aka ambata a amsar lissafi da ta darussa.

Ni mace ce. Fannin ya dace da ni?

Ya dace, kuma ana matuƙar buƙatarki. A gidajenmu akwai ɗakin da namiji baƙo ba zai shiga ba, akwai kuma maganar da matar aure ko yarinyar da aka ci zarafinta ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba, komai iliminsa. Wani babban ɓangare na laifukan da ba sa kaiwa ga rajista, waɗanda aka yi maganarsu a amsar lissafi, mata ne kaɗai za su iya kaiwa gare su. Ɓangaren mata na gidajen gyaran hali, da teburin kula da ƙararrakin mata da yara a ofisoshin 'yan sanda, da cibiyoyin karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe, duk ma'aikata mata suke nema.

Idan ina son ci gaba zuwa digiri na biyu, me zan fara tun yanzu?

Ka kula da makinka tun daga aji ɗaya, domin jami'o'i sukan nemi aƙalla daraja ta biyu kafin su ɗauki mutum, kuma makin da aka zubar a shekarar farko da wuya ake maido da shi. Ka zaɓi taken kundin da za ka iya faɗaɗawa daga baya, ka adana bayanan da ka tattara a wurin da wani ba zai gani ba, kuma ka saba da malamai biyu ko uku da suka san aikinka sosai, domin su ne za su rubuta maka wasiƙar shaidar cancantarka. Idan kana da Larabci ko Fulfulde ko Faransanci, kada ka bari su shuɗe: Larabci zai buɗe maka rubuce-rubucen malaman jihadi da rajistocin tsofaffin alƙalai, Fulfulde zai ba ka damar jin ta bakin makiyaya ba tare da tafinta ba, Faransanci kuma zai sa ka iya karanta abin da masu bincike na Jamhuriyar Nijar suka rubuta a kan iyakar da muke tarayya da su.